Gangaren Laka a Ƙofar Ajinmu

Jiya a wurin suna a Kusada na ji wani dillalin hatsi yana yabon marigayi hedimastanmu, har da share ƙwalla. Na dube shi sama da ƙasa, na ja tsaki. Kunya dai ba ta kisa. Ai shi ne ya kwashe 'ya'yansa daga firamarenmu ta wajen Kaikai don kada su haɗa benci da ni, da shan inna ta shanye wa ƙafafu.

Dakalin ajinmu ya fi ƙarfina. Duk damina Malam, hedimastan namu, yakan naɗe hannun riga, ya kwaɓa laka da kansa, ya yi mini gangare har bakin ƙofa. Har yau ina jin ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasar, haɗe da na goron bakinsa.

Wata safiya yana cikin yaɓe sai ga dillalin nan, yana baza babbar riga kamar ungulu ta sha ruwan sama.

Ya ce, "Malam, makaranta ce wannan ko gidan guragu?"

Malam ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, "Alhaji, allo ba ya tambayar ƙafa. Matsa, kana taka mini laka."

Yara suka tuntsire da dariya, Alhaji ya fita yana huci. Ni kuwa na gama aji shida, yau ni ke koyar da lissafi a Kankia.

Allah Ya jiƙan Malam, Ya haskaka kabarinsa. Duk yaron da ke rarrafe a ƙauyukanmu, Allah Ya haɗa shi da malami mai irin zuciyarsa.