Sunan Ɗan Farina a Kan Dutsen Ƙanƙara

Shekarun baya, lokacin da yanar ido ta rufe mini idon dama, ɗana na fari ya aiko aka kai ni ƙasar Turawan da yake zaune don a yi mini aiki. Ni ban yi boko ba, faɗa nake ana rubuta muku, kuma na ce kada a gyara mini magana ko ɗaya. Wanda ya ji zafinta ya sha ruwa.

Kafin mu yi nisa sai kun san abu ɗaya. Yaron nan ɗan fari ne, kuma sunan mahaifin maigidana aka sa masa. Kunya biyu ke nan a kan mutum ɗaya. Tun ranar da aka raɗa masa suna bakina bai taɓa furta shi ba. Ban goya shi a gaban mutane ba, kakarsa ce ta yaye shi ta riƙe. In zan kira shi sai in ce "kai wannan", in ana zancensa in ce "mai sunan Malam". Duk Jekadafari an san ni da wannan fulako. In yarinya ta haihu tana rawar kai da jariri a gaban surukai, ni ake nuna mata a ce ta yi koyi. Wasu matan da gwal suke taƙama, ni da wannan nake yi.

To, an yi aikin ido lafiya, na warke, na fara ganin har ƙwayar shinkafa a ƙasa. Ina ƙulla kayana ina murna zan dawo Gombe, sai ga matarsa ta shigo tana murmushi.

"Dada, mun samu hutu. Za mu je kan duwatsu, kuma da ke za a tafi."

Na ce, "Duwatsu? Wa ya rasu a can?"

Ta ce ba wanda ya rasu, yawo ne. Za mu yi ta hawa jirgin ƙasa daga wannan gari zuwa wancan, kowa da kayansa a baya, har mu isa inda ake wasan zamiya a kan ƙanƙara. Na dube ta da sabon idona da kyau. A cikin wannan sanyi da ko tofar da yawu ka yi sai ya daskare, mutum yana da gida mai ɗumi, ya kulle ya fita yawo kamar wanda aka kora. Na ce ba inda za ni. Shi kuwa yana daga bakin ƙofa, kansa a ƙasa, ya ce, "Dada, ba zan iya barin ki ke kaɗai a gidan nan ba. Ko murhun ba ki saba da shi ba." Matar na gaya wa, "Ki ce masa na ji."

Ranar tafiya aka kawo mini wando mai kauri kamar katifa. Wando, ni! Na sa don dole, na ɗaura zanena a kai, na yafa mayafi a kan rigar sanyin. Sai aka miƙo mini jakar goyo, wai in zura hannuwa in ɗauka a baya. Na ce baya na goyon ɗa ne, ni ban haifi jaka ba. Na naɗe ɗankwali na yi gammo, na aza ta a ka. Haka na ratsa tashar jirgin nan, Turawa suna buɗa mini hanya, wasu suna ɗaga waya. Ban kalli kowa ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne mai sunan Malam a gabana, magidanci da furfura a gemu, mutumin da in ya zo gida sai an shimfiɗa tabarmi a ƙofa don masu gaisuwa, ga shi da ƙatuwar jaka a baya, an ɗaure wani dogon allo a jikinta, yana tafe yana rangaji kamar jakin masu itace.

Kwanan hanya kuwa kada ku tambaya. Gado a kan gado, ɗakin girki ɗaya da baƙin da ba ka san iyayensu ba. Wata safiya na dama kunun tsamiya da garin da na zo da shi daga gida, na juya in ɗauko ludayi, na tarar wani dogon Bature mai gashi kamar na masara ya sa cokali yana ɗanɗanawa, yana ɗaga mini babban yatsa. Na bar masa kwanon gaba ɗaya.

Da muka isa dutsen sai na ɗaga kai na dube shi. Ni da nake ganin Dutsen Bima shi ne ƙarshen tsawo, ashe ƙanensu ne. Ko'ina fari fat, har ido ya yi ciwo. Saboda aikin da aka yi mini, likita ya ce in riƙa sa baƙin tabarau, kuma a nan tabaran ya yi mini rana. Aka zaunar da ni a wani ɗakin shan shayi mai bangon gilashi a gindin gangaren, aka tara jakunkuna a ƙafata. Na juya fuskata wajen bango kamar ba ruwana, amma ta gefen tabarau idona yana kan mai sunan Malam. Haka uwar ɗan fari take kallon ɗanta, ba ta bari a kama ta.

Ga yadda wasan yake. Mutum zai ɗaure ƙafafunsa biyu a kan allo ɗaya, tamau, kamar ragon da za a kai kasuwa. Sai ya hau wata kujera da ke lilo a jikin igiyar ƙarfe ta kai shi can sama. Daga nan ya sako kansa ya gangaro. In Allah ya sa ya iso da rai, sai ya koma ya sake. Shi ke nan. Ba abin da ake ɗaukowa a saman, ba abin da ake kaiwa. Lokacin mai sunan Malam yana yaro, an taɓa kama shi yana zamiya da murfin tukunya a kwarin bayan unguwa, babansa ya zane shi har sai da kakarsa ta shiga tsakani. Ashe dukan bai shiga ba, jira yake ya yi kuɗi.

Jar hula ya sa, da ita nake gane shi. Ya gangaro, ya faɗi, ya tashi, ya koma. Matarsa ta gaji ta dawo wajena tana hura hannu. A ƙasar nan rana ba ta da kunya, ana idar da la'asar take tattara kayanta. Sai ga iska ta taso, dusar ƙanƙara ta fara zubowa kamar ana tankaɗe gari. Na hango jar hular ta gangaro, ta karkata hagu, ta wuce wata igiya da aka gitta, ta shiga cikin itatuwa. Na jira ta fito ta ƙasa. Ba ta fito ba.

Mutane suka yi ta saukowa suna kwance allunansu. Na ce wa matar, "'Yar nan, mutumin naki bai fito ba." Ta ce yanzu zai zo. Ta kira wayarsa. Sai ga jakar da ke ƙarƙashin ƙafata tana kuka. A ciki ya bar ta, wai kada ta fashe in ya faɗi. Wayar ya ji wa tausayi.

Ta fita da gudu ta kirawo masu ceto, maza da mace ɗaya cikin jajayen riguna. Na nuna musu da hannu inda ya shiga. Suka ce in zauna a ciki, ta fassara mini. Na ce ta gaya musu ba su isa ba. Na bi su ina nutsewa har gwiwa, zanena ya jiƙe ya yi nauyi, har bakin igiyar nan. Suka bazu cikin itatuwa da fitilu suna kiran sunansa, iska tana kwashe muryoyinsu tana watsarwa. Matarsa ta yi ta kira har muryarta ta dushe. Shiru. Babbansu ya zo ya yi mata magana ƙasa-ƙasa, na ga fuskarta ta canja. Na ce me ya ce? Ta ce, "Wai in ya ji ciwo yana kwance, sanyi zai sa shi barci. In ya yi barcin, ba zai tashi ba."

Ni kuwa Allah ya ba ni murya. Ina budurwa a ƙauyenmu, daga wannan gaɓar kogi nake kiran mai kwalekwale a waccan gaɓa, ya ji ya juyo. Na cire tabarau, na cika ƙirji.

"Kai wannan!"

Shiru.

"Mai sunan Malam! Kai! Baban yara!"

Dutsen ya dawo mini da muryata, babu tasa. Sai matar nan ta durƙusa cikin ƙanƙara ta kama ƙafafuna.

"Dada, don girman Allah ki kira sunansa."

Na ce, "Ke, kin san abin da kike faɗa kuwa?"

"Na sani. Ki yafe mini. Ki kira shi, Dada, duhu na yi."

Ba zan ɓoye muku ba, a wannan lokacin ba tausayi ne ya cika mini ciki ba, fushi ne. Na ce wato abin da na riƙe tun ina yarinya, wanda naƙuda ba ta ƙwace mini ba, ƙyandar da ta kusa kashe shi ba ta ƙwace mini ba, ranar da muka raka shi zai bar ƙasa ban saki ba, yau zan zubar da shi a gaban Turawa saboda wasan yara? Ba yaƙi ya je ba. Ba neman abinci ya fita ba. Allo ya ɗaure a ƙafa. Da wannan fushin na buɗe baki na kira sunan. Sunan surukina, sunan ɗana, gaba ɗayansa, da irin muryar da ake kiran yaron da ya yi laifi. Sai da ƙanƙarar da ke kan reshen kusa da ni ta zubo.

Can daga ƙasa, ta wajen da ba wanda ya nufa, wata 'yar murya ta ce, "Na'am."

Na'am! Kamar wanda aka aika kanti ya dawo.

A wani rami a gindin itace suka same shi, ƙafa ta karye, allon yana ɗaure da shi, ƙanƙara ta rufe shi har ƙirji. Aka jawo shi a kan wani abu kamar makara. Da za su wuce da shi ta gabana na mayar da tabarauna, na juya baya. Macen nan mai jar riga ta zo za ta rungume ni, na ce a gaya mata ta yi haƙuri.

A asibiti, da ya dawo hayyacinsa, ya ce yana jin ana ta kira kamar a mafarki, barci mai daɗi yana jan sa, ba ya son amsawa. Da ya ji sunansa da muryata sai ya firgita, don bai taɓa jin abin nan ba a duniya, ya ɗauka ya riga ya mutu ne. Tsoron ne ya farkar da shi. Ina zaune a kujera na ba shi gefe. Sai ya yi dariya, ƙafa a rataye, ya ce, "Dada, da na san sai na karye zan ji sunana a bakinki, ai da tun ina yaro na faɗo daga kan mangwaro."

Matar ta toshe baki. Ni kuwa na tashi, na ce mata, "Ki gaya masa allon nan ya zama nawa, da shi zan tafi." Ya ce mai tsada ne. Na ce ki gaya masa na sani.

Haka aka naɗe allon aka sa mini a jirgi har Gombe. A filin jirgi wani ma'aikaci ya tambaye ni, "Hajiya, wannan fa?" Na ce marfin ƙofa ne.

Labari kuwa ya riga ni isowa, don matar ba ta iya riƙe magana. Ƙawata ta unguwar Madaki, wadda muka yi amarci shekara ɗaya, ta zo yi mini barka da ido, tana zama ta ce, "Ashe bakin yana iya faɗa?" Na ce ta sha kununta ta tafi. Matan unguwa sun daina nuna ni ga masu jego. Ba wanda ya ce na yi laifi, kowa cewa yake ai rai aka ceta. Na sani. Ko yau aka mayar da ni bakin igiyar nan zan sake kira, ba sai an durƙusa mini ba. Amma wannan bai hana ni jin haushi ba, kuma ba wanda zai hana ni. 'Yan zamani suna ganin uwar da ba ta faɗin sunan ɗanta ba ta damu da shi ba ne. Ba su san abin da ka fi tattali shi kake rufewa a ƙasan adaka ba. Ni na rufe nawa shekara da shekaru, yaron nan ya sa na fito da shi a kan dutse, cikin iska, don ya ga dama ya yi zamiya.

Yanzu ƙafar ta warke, sai ɗan ɗingishi in sanyi ya yi. Duk Juma'a yana kira. Mu gaisa, ya tambayi ido, in tambayi yara. In mun gama sai ya ƙi ajiye wayar. Ina jin numfashinsa. Na san abin da yake jira. Sai in ce, "Kai wannan, in ba ka da magana ajiye."

Allon kuwa yana nan a tsakar gidana, na ɗora shi a kan bulo biyu. Ban taɓa samun abin shanya kuɓewa mai kyau kamarsa ba.