Ankon da Muka Kai Filin Ƙwallo

Abubuwa da yawa sun shige mini duhu yanzu, amma ban jin zan taɓa manta Lahadin da na kwashi matan layinmu na Briqueterie muka tafi filin ƙwallo cikin anko. Har yau in na buɗe akwati na ci karo da atamfar nan rawaya, sai in zauna bakin gado in yi ta dariya ni kaɗai har yara su leƙo su ga ko lafiya.

Wanda ya jawo wannan duka ɗan ƙanena ne, ɗansa na fari, kuma ni na riƙe shi tun yaye. Uban tela ne, shagonsa na kan hanyar da ke gangarawa kasuwar Mokolo. Mutum ne mai kunyar ɗan fari irin ta mutanen da, ban taɓa jin sunan yaron a bakinsa ba. In maganarsa ta kama sai ya ce "wancan," ko "yaron naki," kamar ni kaɗai na same shi.

Wata ƙungiya mai rigar rawaya a nan Yaoundé ta ɗauki yaron tun yana ɗan saurayi, muka yi ta murna. Sai dai kakar wasa ta zo ta wuce, wata ta biyo, shi yana kan benci ba a sa shi wasa. Kullum ya dawo gida takalmi fes, riga ko gumi babu. Ni da ban san kan abin ba har daɗi nake ji, ina cewa wannan sana'a ba ta da wahalar wanki. Uban kuwa ya gaji. Ya samo keken ɗinki na biyu, ya ajiye a lungun shago, ya lulluɓe da ƙyalle.

"Yaya," ya ce da ni, "ki faɗa wa yaron naki, in kakar nan ta ƙare yana zaune, ya zo ya zauna inda zama ke da amfani."

Na san ƙanena, ba ya maimaita magana. Yaron ma ya sani, don daga ranar ya daina bi ta ƙofar shagon, sai ya zagaya ta wajen masu tsire.

Ana cikin haka ya shigo mini wata yamma fuska ba walwala. "Goggo, za su ba da ni prêt." Na ce ya yi mini Hausa. Ya ce aro ne, za a tura shi wata ƙaramar ƙungiya can yamma cikin duwatsu ya buga musu har ƙarshen kaka, in ya yi kyau a dawo da shi, in bai yi ba a sallame shi. Da farko raina ya ɓaci, na ce raini ne, sun gaji da shi ne suka rasa yadda za su faɗa. Da na kwana da maganar sai na ga ai riƙo ne kawai. Ni ma Garoua aka kai ni wajen ƙanwar uwata, can na koyi tuƙa tuwon taro, abin da uwata ba za ta taɓa bari in kusanta ba don tausayi. Duk da haka ranar da ya tafi na sha kuka a tashar mota, na cusa masa kilishi da yaji kamar mai tafiya yaƙi.

Watannin farko wayarsa duk kuka ce. Ruwan sama ba ya ɗaukewa, filin taɓo ne zalla, shi ke dafa abincinsa, shi ke wanki, ga wasu ƙarti masu tsaron baya da ke taka shi ba su ce sannu ba. Saura kaɗan in hau mota in je in ɗauko abina. Abu ɗaya ya riƙe ni, duk mako in na tambaye shi ko ya buga, sai ya ce ya buga. A hankali wayar ta riƙa gajarta, ƙorafin ya ragu, har ya kai ni ce ke ƙorafin ba ya kira.

Sai ga labari wai ranar Lahadi za su buga a Yaoundé, kuma da ƙungiyar da ta ba da shi. Ashe wasu kan hana yaron aro ya buga da masu shi, amma su ba su damu su hana ba, don ba su ɗauka zai iya tsinana musu komai ba. Ni dai abin da kunnena ya riƙe shi ne ɗana zai buga a garinmu. Nan take na ce anko za mu yi, kuma ba zan faɗa masa ba, sai dai ya ɗaga kai ya gan mu. Na je shagon uban na ce, "Wace kala ce rigar ƙungiyarsu?" Bai ko ɗago ba. Ya nuna mini tsohuwar rigar yaron rawaya da ke rataye a ƙusa da bakin almakashi, ya ci gaba da yanka. Da uban wani ne da ya ƙara kalma ɗaya, amma wannan maganar ɗan fari ce, ko da wuƙa ba za ka ciro ta daga bakinsa ba. Na gangara Mokolo na zaɓo atamfa rawaya mai ɗaukar ido, shi ya ɗinka mana.

Ranar Lahadi muka cika tasi har uku, an ci ɗauri, an sha lalle, ƙamshin turare kamar masu rakiyar amarya. Da muka isa, magoya bayan masu rawaya suka gan mu sai wuri ya ɗauka. Aka yi mana kiɗa, aka buɗe mana hanya, aka zaunar da mu tsakiyarsu kusa da masu ganga. Ni kuwa sai ɗaga hannu nake ina amsa gaisuwa, ina jin kaina uwar taro.

'Yan wasa suka fito. Na bi masu rawaya ɗaya bayan ɗaya da ido, babu ɗana. Na ce shi ke nan, ko a nan ma benci ne, keke ya ci shi. Sai maƙwabciyata ta taɓa ni da gwiwar hannu ta ce a hankali, "Hajiya, ga shi can fa cikin masu ja." Na duba. Ya yi baƙi, ya yi kafaɗa, wuyansa ya cika, da ƙyar na gane shi. Muka kalli juna da matan, muka kalli zannuwanmu, dariya ta kama mu muna toshe baki da mayafi. Tashi kuma ba dama, an riga an kewaye mu.

Ban san ƙwallo ba, amma na san ɗana. Yaron da in ya yi tuntuɓe a tsakar gida sai ya kwanta yana jiran in zo in ɗaga shi, ga shi wani ƙato ya kwashe shi ya yi ƙasa, ya miƙe ko kakkaɓe jiki bai yi ba ya bi ƙwallo. Har tsawa na ji yana yi wa waɗanda suka girme shi, yana nuna musu inda za su tsaya. Duk lokacin da ya taɓa ƙwallo sai in matse hannun maƙwabciyata, tana cewa in sake ta kar in karya mata yatsa.

Bayan an dawo hutun rabin lokaci aka cillo masa wata ƙwallo daga gefe. Ya tare da ƙirji, ya juya, ya zabga ta da hagu, raga ta motsa. Ban san lokacin da guɗa ta kufce mini ba. Matan suka amsa gaba ɗaya, muka miƙe muna rawa cikin rawayarmu, a tsakiyar mutanen da aka zura wa ƙwallo. Ganga ta tsaya cak. Wani bawan Allah da ya shafe fuskarsa da fenti ya juyo ya ce, "Madame, vous êtes avec qui?" wato wai mu da wa muke. Na dafa ƙirji na ce, "C'est mon fils, ɗana ne, ku kuka ba da shi." Wasu suka tuntsire da dariya, wasu suka watso mana ɓawon gyaɗa, mu dai ba mu fasa ba.

Shi kuwa gogan ko murmushi bai yi ba. Abokansa sun taru a kansa suna tsalle, shi ya ɗaga tafukansa biyu wajen masu rawaya, ya sunkuyar da kai kamar mai ba da haƙuri. Daga baya ya ce mini haka ake yi, ba a murna in an ci gidan da suka rene ka. Na ce a raina, ga uban nan sak, daɗi na cin su a ciki sun hana fuska ta nuna. Sai na ƙara wata guɗar, na yi tasa na yi ta ubansa.

Da wannan ƙwallo ɗaya aka tashi. Kocin masu rawaya ya zo har inda muke yana girgiza kai yana dariya, ya ce in kaka ta ƙare mu shirya karɓar ɗanmu, kuma don Allah mu adana ankon, zai yi amfani.

Washegari na biya shago ina ɗokin ba da labari. Ƙanena ya bar ni na yi ta zuba, yana taka keke kamar ba ya ji. Da na gama sai ya ce, "Ki ce wa wancan ya riƙa ɗaga kai kafin ya buga, sau nawa na gefensa yana tsaye shi kaɗai." Na ce, "Au, kai da ba ka je ba, a ina ka gani?" Ya ci gaba da taka kekensa, ni kuma na kai ido kan takalminsa da ke bakin ƙofa, jar ƙasar filin nan ta kama shi har sama. Can ya nuna lungu da baki ya ce, "Yaya, ki sa a zo a kai wa 'yarki mai son ɗinki keken nan, yana cin mini wuri." A nan ne hawaye ya zubo mini.

Yanzu in iyaye a layinmu suka zo suna tambayata ko su yarda a ba da ɗansu aro, sai in ce su fara bincike ko can za a sa shi wasa, don na ga wanda ya tafi ya sauya benci kawai ya dawo yadda ya je. Amma in za a sa shi, su bar shi ya tafi ya sha taɓonsa. Abin da ranar ta koya mini shi ne, yaron da nake wanke wa riga ina tare masa faɗuwa ba zai taɓa girma a hannuna ba, sai da na sake shi wasu suka kayar da shi sannan ya koyi tashi da kansa.