Itacen Wankan Zulfa

Duk wanda ya zauna a Ainu Shams ya san motar mijina kafin ya san mijin nawa. Fara ce, doguwa, mai ƙusumbi a sama. A cikinta akwai gado, da murhun gas, da ɗan banɗakin da in ka shiga sai dai ka fito da baya, da firji mai gidan ƙanƙara. Wani Bajamushe mai yawon duniya ne ya shigo da ita Alƙahira, inji ya mutu masa a Madinat Nasr, ya gaji ya bar wa bakaniken da ya fi kowa haƙuri da ita. Bakaniken nan shi ne Badamasi. Shekara biyu ya yi yana kwanciya a ƙarƙashinta, ni kuwa ina wanke baƙin mai a rigunansa ina mita. Ranar da ta tashi, ɗalibai 'yan Najeriya suka sa mata suna Gidan Badamasi, kuma da ita yake kai su Iskandariyya in an yi hutu.

Shi Bahaushen Sudan ne. Kakanninsa sun taso daga Haɗeja a ƙafa za su Makka, suka tsaya yin noma a bakin Nilu kusa da Dongola, tsayawar ke nan har yau. Ni Indo 'yar Zariya ce, girki ya kawo ni Masar, gidan wani ma'aikacin ofishin jakadanci. Shekara ashirin da shida muna tare, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ban kuma taɓa kama shi da ƙarya ba. Kada ku ɗauka yabo kawai nake yi. Mutum ne da in ka tambaye shi ko miya ta yi daɗi, sai ya tsaya yana tunani.

'Yarmu ɗaya, Zulfa. Da aka zo yaye, mahaifiyar Badamasi, Hajja, ce ta ɗauke ta zuwa Sudan, ba ta dawo mana da ita ba sai da ta shekara bakwai. Shi ya sa har gobe in Zulfa ta yi tuntuɓe, Hajja take kira, ba ni ba. Wannan abu yana min ciwo, ba zan ɓoye ba.

Babbar Sallar bara waccan, cikin Zulfa na fari ya shiga wata tara, ta dawo gidanmu don ta haihu a gabana. Hajja ta haura tamanin, gwiwoyi sun ƙi, ba ta da fasfo, ba ta kuma da niyyar barin garin da aka binne mijinta. Ta aiko cewa mu je, akwai saƙo. Muka bar Zulfa a hannun mijinta Rabi'u da maƙwabta, muka kama hanya.

Saƙon farko rago ne, wanda ta yi kiwonsa da hannunta. Da aka yi layya ta ware cinya biyu da haƙarƙari, ta ce na mai jego ne. Na ce a kawo tukunya mu soya, yadda kowa yake yi da naman layya in zai yi tafiya. Sai ga Badamasi, wanda bakinsa ba ya buɗewa sai sallah sallah, ya ce, "Hajja, ba sai an soya ba. Motata tana daskarar da nama. Zulfa za ta sha romonsa kamar yau aka yanka."

Hajja ta sa aka riƙe ta har cikin motar, ta tura hannu a gidan ƙanƙara, ta janye da sauri tana salati. Shi kuma yana tsaye yana murmushi kamar shi ya ƙirƙiro sanyi. Na ce, "Baban Zulfa, a soya naman nan." Ya ce, "Ma'alish, Indo," wato in yi haƙuri. Shi ke nan jayayyarsa.

Saƙo na biyu yana bayan ɗaki: dami shida na itacen talha, wata ƙaya ce ta can mai ƙanshi in tana ci. Tun ranar da Hajja ta ji labarin cikin take fita da sanda bayan sallar asuba, ta tsinto biyu, ta tsinto uku. Itacen wanka ne, na dafa ruwan da mai jego za ta yi wanka da shi kwana arba'in.

Na ce, "Haba Hajja! Hawa na huɗu muke zaune. Gas muke da shi. In na hura wuta a baranda, 'yan kwana-kwana za su zo mana barka."

Ko kallona ba ta yi ba. Ta kama hannun ɗanta ta ce, "Da itace aka dafa min ruwa, da itace na dafa wa matarka. Ba zan ga ɗan Zulfa da idona ba, na sani. Ka tabbata da itacena aka dafa mata ruwa. Zan tambaye ka."

Ya ce, "To, Hajja."

Muka iso iyakar Masar da hantsi, rana kamar ta faɗo. An buga fasfo, an duba takardun mota, komai tamam. Sai wata likitar dabbobi ta shigo motar, Dakta Shahd, 'yar siririya da safar hannu. Ta buɗe gidan ƙanƙara, ta dubi naman da ya zama dutse. Ta ɗaga labulen gado, ta ga itace har rufi. Ta ce ɗanyen nama ba ya wucewa ba tare da takardar likita ba, ko ya daskare ko bai daskare ba, saboda sanyi ba ya kashe cuta. Itace mai ɓawo kuma ƙwari ke ɓuya a ciki. Dukansu a nan za su tsaya.

Nan fa na buɗe baki. Duk Larabcin da na koya a kasuwar Ainu Shams sai da na juye mata. Na faɗi shekarun Hajja, na faɗi watan cikin Zulfa, na nuna mata yadda aka ɗaure kowane dami da tsumman tsohon zane. Yarinyar nan ta saurare ni har na gama, ta ce ita ma tana da kaka, amma ba ta da iko. Da na rasa wanda zan kama sai na juya kan mai motar. "Ka gani ko? Sai da na ce a soya! Ga firjinka nan, sai ka jiƙa ka sha."

Ya zauna a matakalar mota, ya cire hula ya riƙe. Na san abin da ke cinsa, ba naman ba ne. Hajja za ta buga waya ta tambaya, shi kuma harshensa ba ya juyuwa ga ƙarya. Zai gaya wa tsohuwar cewa itacen da ta yi wata shida tana tsinta yana zube a bakin shingen gwamnati.

Can ya miƙe, ya ce wa likitar a hankali, "In naman ya dahu fa?"

Ta ce dafaffen guzurin matafiyi ba ruwanta da shi.

"Ruwa fa? Ana hana ruwa wucewa?"

Ta dube shi kamar wanda rana ta taɓa. Ta ce a'a.

Ya juya motar, muka koma filin da manyan motoci ke jiran layi. Ya jera duwatsu uku, ya sauko da dami shida gaba ɗaya. Naman bai yi awa guda a kan murfin inji ba ya saki. Na yanka, na zuba gishiri da yaji, na soya shi cikin kitsensa kamar yadda na faɗa tun farko, kuma sai da na tuna masa sau uku cewa na faɗa. Shi kuwa ya ɗauko jarkar ruwan da muka cika a gidan Hajja, lita ashirin, ya aro ƙatuwar tukunya wurin wani direban Aswan, ya juye ruwan ya aza a wuta.

Na ce, "Shayin 'yan tasha za ka dafa?"

Ya ce, "Ruwan wanka ne."

Wallahi sai da na ajiye ludayi. Na tsaya ina kallonsa yana tura itacen ɗaya bayan ɗaya, ba ya barin ko tsinke ya faɗi gefe, gumi na ɗiga daga gemunsa. Ruwan ya tafasa tun da dami na farko, amma ya ƙi saukewa sai ya ga ƙarshen na shida, in ruwan ya ƙone ya ƙara daga tankin ruwan mota. Ƙanshin talha ya cika filin. Direbobi suka taru, muka ba kowa tsoka ɗaya, aka yi wa Zulfa addu'ar sauka lafiya da Larabci iri uku. Bayan la'asar ruwan ya huce, ya mayar da shi jarka, muka koma layi. Dakta Shahd ta buɗe tukunya, ta leƙa jarka, ta ce, "Khalas, yalla," wato shi ke nan, mu wuce. Na miƙa mata nama a takarda ta ƙi karɓa, amma ta ce a gaida mai jego.

Kwana tara da dawowarmu Zulfa ta haifi namiji. Washegari na dafa ruwa a kan gas kamar kowa a unguwar, sai Badamasi ya shigo da kofin silba, ya auna daga jarka ya zuba a ciki. Ya riga ya yi lissafi: rabin lita kullum, kwana arba'in cif. Zulfa ta shiga banɗaki, tururi ya taso. Ruwan ya riƙe ƙaurin hayaƙi. Ta ce, "Mama, wannan ai ƙanshin ɗakin Hajja ne," ta fashe da kuka. Na rungume ta muka yi tare, kuma a ranar ban ji haushin sunan da ta kira ba.

Ranar suna Hajja ta bugo. Ta ji kukan jaririn, ta tambayi naman, Zulfa ta ce ta cinye haƙarƙarin ita kaɗai. Sannan ta ce a ba ta ɗanta.

"Badamasi, da itacena aka dafa ruwan?"

"Da shi aka dafa, Hajja. Dukansa, ko sanda ɗaya ban bari ba."

Na ce a raina, Alhamdu lillahi, tsaya nan, bawan Allah. Ina! Sai da ya kwashe komai ya gaya mata, da likitar, da duwatsu uku, da jarka, da kofin silba. Na dafe kai.

Sai tsohuwar ta ce, "Kofi ɗaya kullum?"

"Ɗaya, Hajja."

"To ka ce wa Indo ita za ta riƙa zubawa, ba kai ba. Hannun uwa ake so."

Ya miƙo min kofin. Saura kwana talatin da huɗu a lokacin, kuma ko ɗigo ban zubar a ƙasa ba.