Wankan Jegon da Bai Ƙare Ba

Ni dillalin motoci ne. Ina saye a gwanjo, in loda a tashar jiragen ruwa ta Baltimore, a sauke a Kwatano. Na saba da asara. Amma a wannan karon abin da zan rasa ba mota ba ce: 'ya ɗaya gare ni, ba wa ba ƙani, kuma saura kaɗan hukuma ta ce ba tawa ba ce.

An ɗaura mana aure da uwarta a falon kawun amaryar, a garin Manassas, shi ne waliyyi. An ba da sadaki, an raba dabino. Da na kawo zancen zuwa kotu mu karɓi takardar aure, sai ya yi dariya.

"Haba ɗana, auren Allah bai ishe ka ba sai na Bature? Bari a huta tukuna."

Ni da ba na sakin mota sai da takarda, na bar maganar, don suruki ne.

Haihuwar fari ce, sai aka yi yadda ake yi a gida: ta bar gidana da ke garin Clinton ta koma wurin danginta tun kafin ta sauka. Ranar haihuwa na tsaya a harabar asibiti, kunyar surukai ta hana ni shiga. Ashe a ciki ma'aikaciya ta tambaya ko akwai aure a hukumance, aka ce babu. Uban fa? Kawu ya ce ba ya nan. Ba a sa sunana ba, ba wanda ya faɗa mini. Ranar suna ni na kawo rago, shi ya yi addu'a.

Arba'in ta wuce. Na je ɗauko su, matar kawu ta ce a bari yarinya ta yi ƙwari. Na bari. Aka ce sanyi ya shigo. Na bari. Sai da yarinya ta fara rarrafe na ji a bakin wani bakanike cewa matata ta kama aikin jinya a can, har ta kama ɗaki.

Na samu kawu a gida, na durƙusa na gaishe shi, na ce na zo tafiya da iyalina.

"Wane iyali?" in ji shi, ko kofin shayinsa bai ajiye ba. "A ƙasar nan ba ka da mata, ba ka da 'ya. Je ka tambaya."

Na tambaya. Lauya ta ce in babu aure a rubuce, sai na tabbatar wa kotu ni ne uba kafin a saurare ni. Ta ƙara da cewa watannin da na yi ina kawaici, alƙali zai ga yarinya ta riga ta saba da hannun uwa. Aka goga auduga a cikin kuncina da na 'yata don gwajin tabbatar da uba, kamar ana neman ɓarawo.

Da matata ta ce ta gaji, da na sallame ta cikin mutunci. Abin da ya ci mini rai shi ne dattijon da ya san dokar sarai, ya bar ni ina girmama shi.

Bayan gwajin, kotu ta sa aka rubuta sunana a takardar haihuwarta, ta kuma ba ni damar ɗaukar ta a ƙarshen mako ɗaya cikin biyu. Ana miƙo mini ita a wurin ajiye motoci na wani kanti, kamar kaya. Na rasa takunta na farko, da fitowar haƙoranta, da yarda da maganar babba in ba a rubuce take ba.