Da'irar Da Ban Zana Ba

Jama'a, wallahi abin da zan ba ku ni ya faru da ni, ba ji na yi a majalisa ba. Shekarun baya ne, lokacin ina koyon kwamfuta a wata makaranta a Gumel, ina komawa gida Ɗanzomo duk Juma'a.

A zangon farko malaminmu ya ba mu aikin jarrabawa, ya ce kowa ya rubuta wa kwamfuta umarni ta zana masa wani abu da kanta. Wasu suka zana tirela, wata ta zana masallaci, ni kuwa da yake ina son sauƙi sai na zaɓi taswirar gidanmu, tunda duk ɗakuna ne masu kusurwa huɗu. Har na saka sabon ɗakin da Baba zai gina wa yayana da matarsa a gefen rumbu, don an riga an sauke bulo.

Ranar Laraba da hantsi na danna maɓalli, gida ya fito tsaf, ina murna, sai ga wata da'ira baƙa ƙirin a tsakiyar sabon ɗakin nan. To ni na rantse da Allah ko yadda ake zana da'ira ba a koya mana ba tukuna, sai mako mai zuwa! Na bi rubutuna layi-layi, babu ita. Na goge na sake, na koma wata kwamfutar, tana nan daram.

Malam ya leƙo ya ce, "Kai, aikin wa ka kwafo?" Na yi ta rantsuwa, ya ce zuwa Litinin ko in nuna masa layin da ya zana ta, ko in maimaita kwas ɗin. Gaskiya raina ya ɓaci, don ban kwafi na kowa ba.

Na buga zanen a takarda na tafi da shi gida. Allah da ikonsa kakata Iya, wadda ta daɗe da komawa wajen gwaggona a Maigatari, ta zo kwana biyu. Ina nuna mata don in yi mata burga, ina tsokanarta wai ko a juye ta riƙe, sai ta ɗora yatsa a kan da'irar.

"Kai ɗan nema, wa ya nuna maka rijiyar kakanka?"

Na ce wace rijiya kuma? Ta ce shekarar da aka kawo ta gidan tana amarya rijiyar ta ƙafe, kuma ba cike ta aka yi ba, azara aka jera aka zuba ƙasa a kai. Baba ya ce, "Iya, ai ni na ɗauka tana bayan katanga." Ta ce masa lokacin ko haihuwarsa ba a yi ba.

Washegari magini ya kafa diga daidai wajen, bugu na uku ƙasa ta rufta, sai ga rami da ruɓaɓɓen azara. Innalillahi! Nan fa gadon yayana zai zauna, ga matarsa da tsohon ciki. Iya kuwa hamdala kawai take yi.

Aka cike ramin, aka matsar da ɗakin. Ranar Litinin na danna a gaban Malam, babu da'ira babu alamarta. Ya harare ni ya ce, "Ka dai gyara," ya ba ni makin da na tsallake da ƙyar, kuma wallahi ban taɓa jin daɗin maki kamar wannan ba.

Yau zanen gidaje ce sana'ata, Alhamdulillahi, ina cin abinci da ita, 'ya'yan yayana uku suna tsalle-tsallensu a ɗakin nan. Har yanzu ban san wa ya zana da'irar ba. Shawarata dai, kafin ku haƙa harsashi ku tambayi tsofaffin gida, kuma in kun ga abin da ba ku saka ba, kada ku yi saurin gogewa.

Watan jiya ina zana wa wani mutumin Gagarawa fili, sai ga da'irar nan a kusurwar gabas. Ban taɓa komai ba, waya na ɗauka na tambaye shi ko akwai sauran tsoho a gidansu.