Sirrin Idona Ya Sayar Don Ya Hau Sabuwar Kamyo

Lokacin da abin ya faru ni direba ne, ina jan kamyo, wato babbar mota, ta wani Alhaji mai motocin dakon siminti a Malbaza, ina da mata da yara uku. Direbobi muna da yawa a gidan, amma mutum ɗaya na ɗauka aboki. Garinmu ɗaya, ni na kawo shi, ni na koya masa tuƙi har ya samu permi, wato lasin tuƙi. Kwano ɗaya muke ci. Sauran direbobi idan suka kira ni fada shan shayi, sai in ce ina da aiki, don gani nake shi kaɗai ya ishe ni.

Ana nan idona na hagu ya fara yana, ina ganin hanya dishi-dishi. Tsoro ya kama ni. Ko matata ban gaya wa ba, shi na gaya wa, na roƙe shi ya rufa mini asiri zuwa bayan damina in je a yi mini aiki. Ya dafa ƙirji ya ce in daina damuwa, cikinsa kabari ne. A cikin kwanakin Alhaji ya sayo sabuwar kamyo, kowa ya san ni za a ba. Wata safiya Alhaji ya kira ni buro, wato ofishinsa, ya ce in rufe idon dama in karanta lambar motar da ke bakin ƙofa. Na kasa. Ya karɓe makulli ya ce ba zai damƙa dukiyarsa hannun makaho ba. Da na fito, abokin nawa yana goge gilashin sabuwar motar, bai ko ɗago kai ba.

Na zauna gida, matata ta koma tuyar ƙosai. Waɗanda nake gudun fadarsu su ne suka zo. Wani dattijo cikinsu ya ɗauke ni a babur ya kai ni asibiti, ya zauna har aka gama aikin. Da na warke, su suka tsaya mini na samu aiki wurin wani mai motoci a Konni. Ni kuma ban bar zancen ya mutu ba. Duk tashar da na sauka sai na ba da labarin cin amanar abokin nan nawa, har ya zama idan ya zauna fada mutane su watse su bar shi da butar shayi.

Ranar da nake jira ta zo cikin bazara. Na wuce Tajaye da rana tsaka, sai ga motarsa gefen hanya, kaya cike, injin ya mutu. Yana ɗaga hannu, leɓe ya bushe. Daga baya na ji motocin gidansu ma sun wuce shi. Na rage gudu sosai don ya ga fuskata, na ɗaga jarkar ruwana na sha, na taka mota. Wallahi sanyin da na ji a raina ya fi na ruwan.

Bayan ya bar aikin ya zo gidana da yayansa, ya durƙusa ya ce tsoron kada in kashe mutane a hanya ne ya sa ya faɗa. Na ce da tsoron Allah ne, ni zai fara samu, kuma ba zai karɓi makullin ba. Na tashi na bar su kan tabarma.

Na san kuskure ne in ci gaba da tuƙi da idon nan. Malamai sun yi mini wa'azin yafiya, har yau zuciyata ta ƙi. 'Yan'uwa ma'aikata, kada ku tattara amanarku wuri ɗaya ku raina sauran abokan aiki, don ba ku san wanda zai ɗauke ku ranar faɗuwa ba. Kai kuma mai cin amana don kujera, ka tuna hanya doguwa ce, kuma mota tana mutuwa.