Huji Uku a Jikin Bel

Maigidana ya yi shekara ashirin da biyu a sojan Amurka, ya yi ritaya yana saje, muka zauna a Clinton, a jihar Maryland. Saje nake kiransa, tun ina yi don tsokana har ya zama suna. Inshorar lafiyarmu ta sojoji ce, kuma ƙa'idarta ɗaya: akwai likitanka na yau da kullum a asibitin barikin, ba ka ganin wani ƙwararre sai shi ya rubuta takardar tura ka. Rifaral ake ce mata. Idan bai rubuta ba, ko ƙofar ƙwararren ba za ka gani ba.

Abin ya fara da tuwo. Saje ya kai loma, na ga ya tsaya, ya dafe ƙirji, ya nemi ruwa. Ya ce tuwon ya cika tauri. Na karɓi laifin, na sassauta. Bayan wata biyu ya bar nama. Daga nan shinkafa sai na dafa ta caɓe, daga baya kunu kawai yake wucewa ba gardama.

Sau uku muka je asibiti a cikin wata bakwai. Likitan manjo ne, matashi, cikin kaki. Ba mugu ba ne, ba zan ɗora masa abin da bai yi ba. Minti goma sha biyar yake da su, rabinsu idonsa na kan kwamfuta. Da ya shigo Saje zai miƙe tsaye, ƙirji a gaba, kamar ana fareti. A tambaye shi yaya jiki, ya ce lafiya lau, ranka ya daɗe, ɗan ƙwannafi ne. Saje bai taɓa yi wa hafsa ƙorafi ba, kuma a gidan da ya tashi a Zariya namiji ba ya cewa wash. Sikelin asibiti ya nuna ya ragu, sai ya ce ai motsa jiki yake yi. Likita ya yaba masa, ya rubuta maganin ƙwannafi.

Ni kuwa ina gefe da jaka a cinya, ban ce uffan ba. Haka aka raine ni: mace ba ta tsoma baki mijinta na magana, kuma lallai ba ta faɗin kasawarsa a gaban bare. Rufin asiri shi ne aikin da na fi iyawa, har alfahari nake da shi. Duk ranar asibiti ni nake goge masa riga mai kauri wadda za ta cika masa kafaɗa. Ni na rage ƙugun wandunansa a keken ɗinki. Da bel ɗinsa ya daina riƙewa, na ɗora ƙusa a wuta na yi sabon huji. Na yi na biyu, na yi na uku. Baƙi su zo, in ce yanzun nan ya ci, shi ya sa bai sa hannu ba.

Wata ƙawata ce ta farkar da ni, nas ce 'yar Jos da ke zaune a Beltsville. Ta zo gaishe mu bayan ta taso daga coci, ta ga Saje ya wuce ta falo, ta biyo ni kicin ta tura ƙofa.

"Hajiya, me kike yi wa mutumin nan?"

Na ce ai muna zuwa asibiti, likita ne ba ya saurara.

"Me kuka faɗa masa da bai saurara ba?" Ta ce, "A nan ba a karanta fuska, 'yar'uwa. Abin da ya fito daga baki shi ake rubutawa. Kun ce lafiya, ya rubuta lafiya. Ki faɗa masa tun yaushe, da abin da ya daina iya ci, ki ce rifaral kike so. In ya ƙi, ki ce ya rubuta a fayil cewa kin nema ya ƙi."

Na ji haushinta sosai a ranar, don ta yi gaskiya.

Zuwa na huɗu na bar shi ya sa rigar da ya ga dama. Tsohon bel ɗin na naɗe a jaka, na ce masa ban san inda ya shiga ba. Manjo ya shigo, Saje ya miƙe, ya fara lafiya lau ɗinsa. Ban san lokacin da na tashi ba. Na ɗora bel ɗin a kan tebur, daidai gaban kwamfutar.

Na ce, "Likita, waɗannan huji ukun ni na yi su. Wata bakwai rabonsa da nama. Jiya kunu ma ya dawo. Ba motsa jikin da yake yi, matakalar gida ma sai ya huta a tsakiya. Rifaral muke so."

Saje ya ce da Hausa, ƙasa-ƙasa, "Ke, ya isa."

Na ce, "Bai isa ba, Saje." Shekara ashirin da shida muna tare, ban taɓa mayar masa da magana a gaban wani ba.

Manjo ya ɗauki bel ɗin, ya bi hujin da babban yatsa. Ya juyo da kujerarsa gaba ɗaya, karo na farko, ya tambayi Saje ko haka ne. Saje ya kalli bango ya ce, "Haka ne, ranka ya daɗe." Kafin mu kai mota an rubuta takardar, da alamar gaggawa.

Har muka isa gida bai yi mini magana ba. Kwana biyu yana karɓar kunu daga hannuna ba ya kallona. Na san abin da na yi masa, na tuɓe shi a gaban hafsa, kuma na yi kuka a banɗaki inda ba zai ji ba.

Ƙwararren ya sa na'ura ya duba maƙoshin. Ciwon daji ne, ya riga ya bazu. Ya tambaya tun yaushe abinci ya fara tsayawa. Saje ya buɗe baki, ya rufe, ya juyo gare ni ya ce, "Faɗa masa. Ke kika sani." Wannan ce yafiyar da na samu, kuma ta ishe ni. Na ce wata tara. Likitan ya rubuta kawai. Ban tambaye shi me zai faru da mun zo tun farko ba, don ba na son amsar.

Saje ya yi shekara ɗaya da wata biyu bayan nan. Ranar zaman makoki gidan ya cika, mutanenmu daga College Park, daga Beltsville, har da tsofaffin abokan aikinsa. Duk wanda ya durƙusa gabana magana ɗaya yake yi: Allah ya jiƙan Saje, mutum mai dauriya, har ya koma ga Allah ba wanda ya taɓa jin ya ce wash. Wata dattijuwa ta riƙe hannuna ta ce, "Ke ma Allah ya saka miki, 'yata. Kin rufa masa asiri."

Bel ɗin yana cikin jakar da ke kan cinyata. Na ce amin.